Gidan Likita Miller a Birnin Zariya

A wurin Hausawa, iyalin mutum su ne duk waɗanda suke ci daga tukunyarsa, suke kwana a ƙarƙashin kulawarsa, ko shi ya haife su ko ba shi ba. Da wannan ma'ana ce za a fahimci gidan Dokta Walter Miller, Baturen mishan wanda ya zauna cikin birnin Zariya fiye da shekara ashirin. Miller bai taɓa yin aure ba, kuma a al'adar Hausa ba a cika ganin tuzuru da ƙima ba. Duk da haka gidansa ya cika da yara da baƙi, har ya zama tushen wata ƙaramar al'umma ta Hausawa Kirista.

An haifi Miller a Ingila a shekarar 1872, ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan. Daga nan ya shiga ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, wadda aka fi sani da C.M.S. Kafin ya taka ƙasar Hausa, sai da aka tura shi Tarabulus ta Libiya don ya koyi harshen, domin a wancan zamani akwai fatake da mahajjata Hausawa da yawa a can. A Tarabulus ne ya haɗu da wani yaro Bakatsine mai suna Abdulmajid Tafida, wanda mahaifinsa ya rasu a kan hanyarsu ta zuwa hajji. Yaron ya wuce Makka, daga baya kuma ya sake haɗuwa da Miller, ya zama ɗan gidansa na farko, mai taimakonsa wajen Hausa.

A shekarar 1900 Miller ya biyo ayarin Bishop Tugwell, su biyar, daga Ikko zuwa Kano. A lokacin Turawa ba su ci Kano da yaƙi ba tukuna. Sarkin Kano Alu ya ƙi ba su izinin zama, ya umarce su da su bar garin cikin 'yan kwanaki. Suka juya kudu suka sauka a Girku, cikin ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. Sai a 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, Miller ya sami wurin zama a cikin ganuwar Zariya, a unguwar Durumin Maigarke.

Wannan zama yana da sharuɗɗa. Bayan cin Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta sa baki cikin addinin Musulunci ba. Saboda haka hukuma ta taƙaita wa'azin mishan a garuruwan Musulmi. Mutanen gari kuma suna da addininsu da malamansu da makarantunsu tun ƙarnoni da dama, ba su ga dalilin sauraron baƙo ba. Wannan ya sa yawancin aikin Miller ya koma cikin gida.

Harkokin gidan na yau da kullum kashi huɗu ne. Na farko ibada: 'yan gida sukan taru su yi addu'a, su karanta nassi da Hausa. Na biyu magani: akwai ɗakin da ake duba marasa lafiya, ana wanke gyambo, ana ba da kwini don zazzaɓin cizon sauro, cutar da ta addabi Turawan kansu. Na uku makaranta: yara suna koyon karatu da rubutu da lissafi da Ingilishi, da yawansu kuma a nan suke ci, a nan suke kwana. 'Yar'uwar Miller, mai suna Ethel, ta zo daga Ingila ta kama masa aiki, musamman ta fuskar mata da 'yan mata, tun da namiji baƙo ba ya shiga cikin gidan Bahaushe. Na huɗu shi ne fassara, wadda ta ci shekaru masu yawa.

Fassarar ta tilasta wa Miller da abokan aikinsa yanke shawara a kan kalmomi. Hausa ta riga ta ari kalmomin addini daga Larabci, ba su kuma ga amfanin ƙirƙiro sababbi ba. Shi ya sa har yau Kirista Bahaushe yake cewa Allah, annabi, mala'ika, addu'a, sujada, zunubi, Attaura da Zabura, kamar yadda maƙwabcinsa Musulmi yake faɗa, ko da yake fahimtarsu ta wasu kalmomin ta bambanta. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Miller yana kuma cikin waɗanda suka ba gwamnati shawarar yin amfani da haruffan boko maimakon ajami a harkokinta.

Waɗanda suka bar Musulunci suka bi shi ba su da yawa, kuma wasunsu sun rabu da danginsu saboda haka. Jama'a mafi yawa da ta zo masa ita ce ta Isawa. Waɗannan mabiyan wani malamin Kano ne, Malam Ibrahim, wanda ya fifita matsayin Annabi Isa cikin karatunsa, aka kashe shi a ƙarni na 19, almajiransa suka watsu zuwa wajen Ningi da gabashin Zazzau. A 1913 wasu daga cikinsu suka nemi Miller. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, suna noma, suna karatu, wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan mai suna Thompson yana kula da su. Amma wurin yana da ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya kashe mutane da dama, ƙauyen ya tashi. Marayun da suka tsira aka kai su Zariya, gidan Miller ya ƙara cika.

A 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, wani fili da ke yamma da Zariya kusa da dutsen Kufena. A can aka gina makaranta da asibitin St Luke da cocin St Bartholomew. Magina Hausawa ne suka gina cocin da ƙasa, da bakan gizo da zanen bango irin na fada. Mutanen Wusasa sun riƙe harshensu da suturarsu da gaisuwarsu ta Hausa. Wasu iyalan masu bishara 'yan ƙasa kuma sun baro garuruwansu sun zo aiki a nan. Ɗaya daga cikinsu shi ne Yohanna Gowon, mutumin Angas daga ƙasar Filato, wanda ɗansa Yakubu ya tashi a Wusasa, ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975.

Ko da yake al'ummar ƙarama ce, ta fitar da mutane sanannu. Dokta Barau Dikko, wanda ya yi karatu a Birmingham, shi ne likita na farko ɗan Arewa, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu, daga zuriyar Isawa, shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. John Tafida kuwa shi ne ya rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da ɗaliban Hausa suke karantawa har yanzu.

Miller ya rasu a Nijeriya a 1952, ba tare da ya ga cikar burinsa na juyar da ƙasar Hausa zuwa addinin Kirista ba. Zariya tana nan birnin Musulunci da malamai. Tsohon cocin ƙasa na Wusasa shi ma yana nan tsaye, jikokin 'yan gidan likitan kuma suna yin sujadarsu da Hausa.