Baƙo da Mai Masauki a Cikin Kwamfuta: Matsalar Girman Shafi

Aikin tattara kalmomi ne ya jawo wannan rubutu. Ni dai a nan Keffi na koyi Hausa, kuma yanzu ina tattara kalmomin harshenmu na Eggon tare da ma'anarsu da Hausa. Manhajar da ake wannan aiki da ita, wato FieldWorks ta ƙungiyar SIL, ba ta hawa kwamfutar Apple, ga shi kuma wadda yayana ya ara mini Apple ce mai injin M1. Dole na girka Windows a cikinta, ta zama kwamfuta a cikin kwamfuta. Masana suna kiran ta cikin baƙo, ta wajen kuma mai masauki. Ko Bahaushe ne ya raɗa sunan, iyakar abin ke nan.

Kwamfuta ba ta raba ƙwaƙwalwarta ta wucin-gadi ƙwaya-ƙwaya. Tana yanka ta ne gida-gida daidai wa daida, kowane gida kuma sunansa shafi. A injinan Intel da AMD ƙaramin shafi kilobayit 4 ne, wato bayit 4,096. Wannan zai ɗauki haruffan boko kimanin dubu huɗu, amma ban da masu lanƙwasa, domin a tsarin UTF-8 ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu yake ci. Shi ma Windows da wannan ma'auni yake aiki. Ita kuwa Apple, a injin M1 da ta fitar a 2020, shafinta kilobayit 16 ne. Ke nan shafukan baƙona huɗu suna zaune cikin shafi ɗaya na mai masauki.

A ce mai masauki da kwano yake awo, baƙo kuma da gwangwani. Wajen bayarwa babu rigima: a ba shi kwano, ya karkasa kayansa. Wajen mayarwa ne ake yin ta. Akwai wata dabara mai suna balan-balan, wadda baƙo ke mayar da shafukan da ya gama amfani da su ta hanyarta. To amma mai masauki ba ya karɓar ƙasa da kwano cikakke. Idan uku sun zama fanko, na huɗun kuma yana riƙe da kalma ɗaya tak, duka huɗun sun maƙale. Baƙo yana ganin ya biya bashi, mai masauki kuwa bai ga komai a hannu ba. A wasu manyan kwamfutoci masu injin ARM shafi yakan kai kilobayit 64, sai an sami shafukan baƙo 16 a jere kafin a karɓi ɗaya.

Magani shi ne baƙo ya riƙa haɗa shafukan fanko maƙwabtan juna ya miƙa su a dunƙule. Linux ya sami irin wannan tsari a 2020.

Mai karatu zai ce, to me ya sa ba za a tsaya kan ƙaramin shafi ba? Dalili shi ne sauri. Duk adireshin da baƙo ya nema sai an fassara shi sau biyu, nasa da na mai masauki, kamar yadda nake fassara magana daga Eggon zuwa Hausa sannan zuwa Ingilishi. A injin Intel, binciken da ke cin mataki 4 yana iya kaiwa 24. Babban shafi, irin na megabayit 2, yana rage wannan zirga-zirga, shi ya sa ko Android ta fara karɓar shafin kilobayit 16 a 2024.

A ganina kalmar shafi tana ɗan ruɗar mai koyo, domin hankalinsa littafi zai tafi. Da ni aka tambaya, da ma'auni na ce. Game da aikina kuwa, na yanka wa baƙona gigabayit 4 ba ragi ba ƙari, in na gama shigar da kalmomin ranar sai in kashe shi gaba ɗaya, a nan ne mai masauki ke karɓar kayansa duka.