Ruwan da ke cin datsi ta ciki

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, tun bayan farin 1984 aka dage da noman rani a ƙasarmu. A nan Takeita, kan hanyar Damagaram zuwa Maradi, kowa ya san darajar ruwan da aka tare bayan damina. Da shi ake ban ruwan garka, da shi dabbobi ke sha. To amma datsin ƙasa yana da maƙiyi wanda ido ba ya gani.

Ƙasa haɗi ce ta tsakuwa, rairayi da laka. Laka ce ke cike tsakanin manyan ƙwayoyi. In ruwa ya samu ƴar kafa, sai ya riƙa ɗauke lakar kaɗan-kaɗan. Daga waje datsi yana nan tsaye. Daga ciki kuwa ya zama kamar azarar da gara ta ci. Rannan sai ya rushe gaba ɗaya.

Haka ya faru a Amurka. Ran 5 ga watan Yuni 1976, babbar madatsar Teton ta ɓalle. Tsayinta mita 93 ne. Ruwa ne ya huda ta ta ciki. Mutum 11 suka rasu.

Masana suna auna wannan ciwo. Sukan ɗebi ƙasa, su bi da ruwa ta cikinta, su auna lakar da ta fita. Sannan su danne ta da na'ura, su ga nauyin da za ta iya ɗauka. Da wannan lissafi kwamfuta ke nuna musu inda datsi ya yi rauni.

Mu ma muna da abin yi. Wajen gini, a zuba ƙasa mai laima kamar tsawon taƙi ɗaya, a daɓe sosai, sannan a ƙara. Kar a bar icce ya tsiro bisa datsi, don saiwa in ta ruɓe hanyar ruwa ce. A toshe ramin gafiya da na gara.

A riƙa duba bayan datsi. In ruwan da ke tsattsafowa garau yake, a sa ido. In ya gurɓace, ƙasa ce ke fita. Kar a liƙe wurin da laka. A zuba rairayi, a ɗora tsakuwa, ruwa ya wuce, ƙasa ta tsaya. A janye yara da dabbobi, a gaya wa mai gari da ma'aikatan gona nan take.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.