Me ya sa jaridun intanet ke nuna rabin labari su kulle saura?

A majalisun matasa na Ƙofar Durbi da ke birnin Katsina, inda ake musun siyasa bayan sallar Isha, abin ya zama ruwan dare. Wani zai turo labari ta WhatsApp, a buɗe, a karanta kanu da sakin layi biyu, sai rubutun ya dushe, saƙo ya fito cewa sai an biya kuɗin wata kafin a ci gaba. Wannan shi ake kira katangar biyan kuɗi.

Dabarar tsohuwa ce. Mai sayar da jarida a bakin titi ya daɗe yana baza shafin farko kowa ya gani, amma buɗe ciki sai da kuɗi. Ko Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, farashinta na cikin sunanta. Abin da ya sauya shi ne kuɗin talla, wanda a da yake riƙe da jaridu, yanzu mafi yawansa na intanet ya koma hannun Google da Facebook. Bincike kuwa yana cin kuɗi: mota, masauki, lauya, da albashin wanda zai shafe watanni yana bin diddigin kwangila ɗaya.

Katangar iri-iri ce. The Times ta Landan ta kulle shafinta gaba ɗaya a 2010. New York Times ta Amurka ta zaɓi ƙidaya a 2011: labari 20 kyauta a wata, daga baya ta rage zuwa 10, sannan 5. Yau masu biyanta sun haura miliyan 10. A Najeriya, BusinessDay na kulle wasu labaranta, yayin da Premium Times ta bar nata a buɗe tana neman gudummawar masu karatu. Ɗanɗanon da ake bari a waje ba kyauta ba ce tsakani da Allah. Shi ne ke sa Google ya gano labarin, shi ne kuma ke jan ran mai karatu.

A nan gizo ke saƙar. Bisa tsarin rubutun labari, zargi ne ke zuwa a sama. Martanin wanda ake zargi, da takardun shaida, da bayanin cewa kotu ba ta yanke hukunci ba tukuna, galibi suna can ƙasa, wato bayan katanga. Wanda ya ɗauki hoton abin da ya gani ya watsa, rabin magana ya watsa, kuma da rabin ake yanke wa ɗan takara hukunci a majalisa. Shi kuwa mai ƙirƙirar ƙarya bai taɓa neman ko sisi ba kafin a karanta tasa.

Ga matashin Katsina lissafin ya fi haka nauyi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000 ne tun 2024, kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Ya riga ya biya sau ɗaya kafin ya iso bakin katangar.

Akwai mafita da aka gwada. A Maris 2020 manyan jaridu da dama sun buɗe labaran korona ga kowa. Edita na iya yin haka da labaran zaɓe da tsaro, ko aƙalla ya ɗaga martanin wanda ake zargi zuwa sakin layi na biyu, inda wanda bai biya ba zai gan shi.