Ciwon Suga A Cikin Aji: Abin Da Wasu Abokan Karatunmu Ke Ɓoyewa

A cikin birnin Zariya, idan aka ambaci ciwon suga, hankalinmu kan tafi ne ga dattawa: kakan da aka daina zuba wa suga a shayi, ko gwaggon da aka koma dafa wa acca da tuwon alkama. Wasu ma cewa suke yi ciwon masu kuɗi ne. Amma wannan ciwo ba ya tambayar shekaru, ba ya kuma duba aljihu. A cikin ɗaliban da ke fitowa kowace safiya daga Kwarbai, Babban Dodo ko Unguwar Juma, suna nufar Alhudahuda ko makarantun Ƙofar Gayan da Ƙofar Doka, ba abin mamaki ba ne a samu wanda sai da ya yi wa kansa allura kafin ya karya kumallo, kuma babu ko mutum ɗaya a ajinsu da ya sani. Wannan ɓoyon shi ne abin da muke so mu tattauna a kansa, domin sau da yawa ya fi allurar nauyi, kuma yana iya jawo asarar rai.

Me ke faruwa a cikin jiki?

Duk abincin da muka ci mai sitaci, tuwo ne ko shinkafa, waina ko burodi, jiki kan narkar da shi ya koma suga a cikin jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi, likitoci na kiranta fankiriyas, wadda ke samar da sinadarin insulin. Aikin insulin shi ne ya buɗe wa sugan hanya ya shiga tsoka da sauran sassan jiki, inda zai zama ƙarfi. Idan babu shi, sai sugan ya taru a jini, jiki kuma yana fama da yunwa.

Ciwon da ya fi yawa shi ne nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya. Akwai insulin a jikinsu, amma bai isa ba ko ba ya aiki yadda ya kamata. Gado da ƙiba da rashin motsa jiki suna da hannu a ciki. Nau'i na ɗaya kuwa shi ya fi bayyana a yara da matasa. A nan garkuwar jiki ce da kanta ke lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin. Ba shan alawa ke kawo shi ba, ba laifin yaron ba ne, ba na iyayensa ba, kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya ko zama a benci ɗaya.

Alamominsa su ne yawan fitsari, ƙishirwar da ba ta yankewa, rama duk da ana cin abinci, da kasala. Yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance yakan dawo yana yi. Iyaye mata kan lura da kiyashi na taruwa a inda ya yi fitsari. Idan aka yi jinkiri sai amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama su biyo baya, a yi ta ba da maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot, alhali ɗigon jini ɗaya daga ɗan yatsa zai nuna gaskiya cikin ƙasa da minti guda. Ƙungiyar Masu Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma fiye da rabin na Afirka ba su san suna da shi ba.

Yini guda da ciwon suga

Mu ɗauki misalin ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare. Bayan sallar asuba, kafin ta taɓa koko da ƙosai, sai ta huda yatsa ta ɗiga jini a 'yar takardar gwaji, ta jira na'ura ta nuna mata lamba. Daga nan ta zuƙo insulin ta yi allura a cinya ko a fatar ciki. Da zarar ta yi allurar, cin abinci ya zama dole, ko da ta makara. Mu idan muka makara sai mu fice da yunwa mu haƙura zuwa lokacin tara. Ita ba ta da wannan zaɓin, domin allura ba tare da abinci ba tana iya kayar da ita a hanya.

A makaranta lissafin bai ƙare ba. Yau akwai wasan motsa jiki? To suga zai iya sauka. An tsawaita darasi an cinye lokacin tara? Haɗari ne. Akwai jarrabawa? Fargaba kaɗai na iya ɗaga sugan. Da yamma ga Islamiyya, da dare ga wani gwajin da wata allurar. Babu ranar hutu, ko Juma'a ko ranar Sallah.

Sai kuma batun ajiya. Insulin ba ya jure zafi, ga shi a watannin Maris da Afrilu ɗakunanmu kan zama kamar tanderu, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce. Gidajen da ba su da firji kan koma ga dabarar iyaye: a sa kwalbar a leda, a ajiye ta cikin tukunyar ƙasa da aka zura a wata babbar tukunyar, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a ajiye a inuwa. Irin wannan tukunya cikin tukunya ce ta sa wani malami ɗan Arewa, Muhammad Bah Abba, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, saboda yadda ya yaɗa ta a ƙauyuka don adana kayan lambu.

Ga kuɗi. Insulin da sirinji da takardun gwaji saye ake yi kowane wata, kuma farashinsu ya hau kamar na komai. Yaran da ke wannan hali sun san nawa ake kashewa a kansu. Akwai wanda zai rage yawan allurarsa a ɓoye don kwalba ta daɗe, saboda ya ji mahaifinsa na neman rance. Wannan tausayi ne mai haɗari ƙwarai, kuma nauyi ne da bai kamata ɗan shekara 15 ya ɗauka shi kaɗai ba.

Abin da ke cin rai

Birni wuri ne da kowa ya san kowa. Magana idan ta fito daga zaure ɗaya, kafin magariba ta zaga unguwa. Shi ya sa gidaje da yawa kan ja wa yaro kunne kada ya faɗa wa kowa. Ga 'ya mace, tsoron shi ne kada a ce ba za ta auru ba ko ba za ta haihu ba, alhali mata masu ciwon suga suna aure suna haihuwa lafiya idan suna ƙarƙashin kulawar likita. Ga ɗa namiji, tsoron daban ne: a ga sirinji a jakarsa a ce ya fara shaye-shaye. Saboda haka sai ya laɓe a banɗaki ya yi allura, ko ya fasa yi gaba ɗaya har sai ya koma gida.

A wajen biki ko suna, ana ta rabon alkaki da nakiya da dubulan da zoɓo. Idan ya ƙi karɓa a ce yana da girman kai. Idan ya ɗanɗana, wani daga cikin dangi ya daka masa tsawa a gaban mutane. A gida kuma, maimakon “ya makaranta?”, tambayar farko ita ce “nawa sugan ya nuna?” Idan lambar ta hau, sai yaro ya ji kamar ya faɗi jarrabawa, ko da ya kiyaye duk abin da aka ce. A hankali wasu kan gaji, su daina gwaji, su daina shiga mutane. Likitoci sun tabbatar da cewa ciwon damuwa ya fi yawa a tsakanin masu ciwon suga fiye da sauran jama'a. Gajiyar nan ba raki ba ce, kuma abu ne da ya kamata a faɗa wa likita kamar yadda ake faɗa masa ciwon kai.

Watan azumi ma yana da nasa ƙuncin. Kowa na ƙirga nawa ya kai, shi kuwa likita ya hana shi. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame, ayoyin azumi a Suratul Baƙara sun bayyana haka. Amma kunyar a gan shi yana cin abinci da rana takan sa yaro ya ɗauki azumin a ɓoye. Hukuncin yin azumi ko barinsa na likita ne da malami, ba na 'yan aji ba.

Kada mu manta da masu tallar magani da lasifika a kasuwa, masu alƙawarin warkar da suga kwata-kwata. Har yau ba a samu maganin da ke raba mutum da nau'i na ɗaya ba. Wanda ya ajiye insulin ya koma jiƙe-jiƙe zai iya shiga mawuyacin hali cikin 'yan kwanaki.

Idan abokinka ya fara karkarwa

Ga inda ɓoyo ke zama haɗari. Idan suga ya sauka ƙasa da 70 a na'ura, ko 3.9 a na'urorin da ke amfani da ɗaya ma'aunin, mutum kan fara gumi da karkarwa da jin yunwa mai tsanani. Yana iya rikicewa, ya yi fushi ba dalili, ko maganarsa ta sarƙe kamar ta mai maye. A ajin da ba a san halinsa ba, wasu za su ce iska ce ta taɓa shi su watse, wasu su ce ya sha wani abu. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Abin yi ba shi da wuya:

Idan yana cikin hayyacinsa kuma zai iya haɗiya, a ba shi ƙaramin cokali uku na suga a ruwa, ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi, ko alawa.

A jira minti 15. Idan bai dawo daidai ba, a sake ba shi. Idan ya warware, ya ci abinci mai riƙe ciki.

Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, domin zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a kira malami, a garzaya da shi asibiti mafi kusa. Ga na cikin birni akwai Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, sannan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika yana da ƙwararrun likitocin wannan ciwo.

Rayuwa ba ta tsaya ba

Kafin 1921, yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya ba ya daɗewa a duniya. A shekarar ce Frederick Banting da Charles Best suka yi nasarar fitar da insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada. A watan Janairun 1922 aka fara yi wa ɗan Adam allurar, wani yaro ne mai suna Leonard Thompson, sa'an da yawa daga cikinku. Masu kallon ƙwallo sun san Nacho Fernandez, wanda aka gano yana da ciwon tun yana ɗan shekara 12, amma shi ne kyaftin ɗin da ya ɗaga wa Real Madrid kofin zakarun Turai a 2024. A nan gida, tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya yi shekaru masu yawa yana rayuwa da ciwon suga.

Gare ku masu ɗauke da ciwon, ba muna cewa ku yi shela a taron safe ba. Sirrinku naku ne. Amma ku zaɓi aboki ɗaya ko biyu da malami ɗaya da kuka amince da su, ku nuna masu inda kuke ajiye suga a jaka, ku ba su lambar wayar gida. Mu kuma sauran, idan aka ba mu wannan amana mu riƙe ta. Kada mu mayar da ita abin tsokana, kada mu zama masu gadin kwanon abincinsa, kada kuma mu cire shi daga ƙwallo don tausayi.

Ranar 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting, ita ce Ranar Ciwon Suga ta Duniya. Ƙungiyoyin lafiya da na muhawara a makarantunmu za su iya roƙon shugaban makaranta ya gayyato ma'aikacin lafiya ya yi bayani a wannan rana, a kuma ajiye 'yar ledar suga a akwatin taimakon gaggawa. Kuɗinta bai kai na abincin tara ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.