Ƙofar akurkin kaji mai aiki da hasken rana

Ƴan'uwa masu kiwon kaji, yawancin asarar da muke yi cikin dare take faruwa. Mai gida ya tafi gona ko kasuwa, ya dawo bayan isha, yara sun manta da rufe akurki. Da safe sai a tarar da fuka-fukai kaɗai, muzuru ko tunku ya gama aikinsa. Don haka aka ƙera wata ƙofa mai buɗe kanta da safe, ta rufe kanta da magariba. Ba ta bukatar wutar gari. Hasken rana ya ishe ta.

Kayanta huɗu ne. Akwai ƙaramin inji mai jan ƙofa sama da ƙasa. Akwai faifan sola mai mayar da hasken rana wuta. Akwai batir mai ajiye wutar. Sai ƴar na'ura mai daidaita caji, wadda take zaune tsakanin faifai da batir.

Injin ba ya cin wuta da yawa, domin sau biyu yake motsi a yini, kowane motsi bai kai minti ɗaya ba. Faifai mai wat 10 ya wadatar. Batir kuwa, a nemi wanda aka rubuta 12V da 7Ah a jikinsa, girmansa kamar na babur. Idan ya cika, zai riƙe ƙofa kwanaki, ko da hadari ya rufe sama a watan Agusta.

A lura da abu ɗaya: ƙofa tana buɗewa da sassafe, tana rufewa bayan faɗuwar rana, lokacin da faifai ba ya ba da wuta. Ashe batir ne yake ɗauke da aikin duka. Shi ne kuma yake fara mutuwa, kuma sau da yawa mu muke kashe shi da hannunmu. Wasu suna haɗa faifai da batir kai tsaye don su rage kuɗi. Wannan arha ce mai tsada: caji ya yi yawa, batir ya yi zafi, ya kumbura. Wasu suna ajiye shi ƙarƙashin kwano a zafin bazara, alhali zafi yana rage masa kwana. A sa shi a inuwa, cikin akwati mai ramukan iska, a ɗaga shi daga ƙasa saboda ruwan damina. Kuma kada a bari yara su riƙa cajin waya da shi. Batir irin wannan ba ya son a zuƙe fiye da rabin wutarsa.

Faifai a fuskantar da shi kudu, a ɗan karkata shi kaɗan, nesa da inuwar bishiya. Lokacin hunturu ƙura tana lulluɓe shi, wuta ta ragu. A goge shi da jiƙaƙƙen tsumma da safe, sau biyu ko uku a mako. Wayoyi kuma a ɓoye su daga ɓeraye da awaki.

Yaya ƙofa take sanin lokaci? Wata tana da ido mai ganin haske, wata tana da agogo. Mu mun fi son mai ido, domin a Maraɗi ko Damagaram faɗuwar rana tana bambanta da kusan awa guda tsakanin Disamba da Yuni, kaji kuwa rana suke bi. Mai agogo sai an riƙa gyara shi. Amma kada fitila ta haska idon da dare, ƙofa za ta ɗauka gari ya waye. A makon farko a tsaya a duba, ko akwai kazar da ta makara aka rufe ta waje.

Idan batir ya mutu, kada a fasa shi, kada a jefar da shi a tsakar gida. Cikinsa akwai dalma da ruwa mai ƙuna. Dalma guba ce, tana lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara, tana kashe dabbar da ta lashe ta. A mayar da shi ga mai sayarwa, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi.