Daga Ƙofar Sauri Zuwa Jidda

Wanda ya tsaya a Ƙofar Sauri cikin watan Zulƙida, ya ɗaga kai ya hangi jirgin alhazai ya taso daga filin Umaru Musa 'Yar'aduwa ya miƙi gabas, to, ya sani abin da ke tsakaninsa da Jidda kusan kilomita 3,500 ne, wanda jirgi ke cinyewa cikin sa'a biyar ko ƙasa da haka. Maniyyaci ya tashi da hantsi a Katsina, la'asar ta riske shi a Hijaz, bayan ya tura agogonsa gaba da sa'a biyu.

Wannan ƙasa da yake ƙetarewa yana gyangyaɗi a kujera, ita ce kakanninmu suka tako da ƙafa da jaki, daga Barno zuwa Wadai, daga Darfur zuwa Kurdufan, har Sawakin a bakin Bahar Maliya, suna yada zango su nomi damina, su sami guzuri, kana su ƙara gaba. Shi ya sa a da ba a sallamar mai niyyar hajji sai an yafi juna, domin ba kowa ke komowa ba. Sarkin Katsina Dikko kansa, da ya tafi a 1921, jirgin ruwa ya shiga, har ya biya ta Ingila. Waɗanda guzuri ya yanke musu, ko aure ya riƙe, ko aikin auduga a Jazira ya yi musu daɗi, su ne asalin Hausawan Sudan, tare da muhajiran da suka bi Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a gaɓar Nilu. Waɗanda suka isa kuwa suka ƙi juyowa, jikokinsu na nan a Shara Mansur ta Makka, ana ce musu Takari.

A ganina, wallahu a'alam, jirgi bai kusantar da waɗannan 'yan'uwa kamar yadda ake zato ba. Wanda aka haifa a Makka ba iƙama, yana Hausa gauraye da Larabci, idan aka koro shi, sa'a biyar ɗin nan takan zame masa tafiyar da babu komowa, a sauke shi a garin da sunansa kaɗai ya sani a bakin kakarsa, yana riƙe da jaka ɗaya, yana tambayar hanyar gidan dangi. Na Sudan kuwa, da can ayari ke kai musu goro da labarin gida. Yanzu ta bisansu ake wucewa.

Ko wucewar ma ta gagara lokacin da yaƙi ya ɓarke can a Afrilun 2023, aka rufe sararin ƙasar, jiragen alhazan shekarar suka riƙa kewayawa, sa'o'i suka ƙaru, kuɗin jirgi ma haka.