An yanke shawara a Kasabalanka, wuta ta ci kasuwa a Jamus

Mu ƴan kasuwa mun san zafin gobara: dare ɗaya ta cinye rumfa da jarin shekara goma. To yau za mu duba gobarar da manya suka shirya da gangan a Yaƙin Duniya na Biyu.

Jamus ta yi wa London da wasu biranen Ingila ruwan bama-bamai daga 1940 zuwa 1941, fararen hula sama da dubu 40 suka mutu. A watan Janairu na 1943, Shugaba Rusbelt na Amurka da Firaminista Carcil na Ingila suka zauna a Kasabalanka, ƙasar Maroko. Nan suka amince a haɗa ƙarfi a rushe masana'antun Jamus, a kuma karya zuciyar talakawanta. Aka raba aiki: jiragen Amurka da rana, na Ingila da dare. Da yake cikin duhu ba a iya saitin masana'anta ɗaya, sai unguwa gaba ɗaya ta zama abin hari.

A ƙarshen Yuli na 1943 aka faɗa wa birnin Hambug. Wuta ta haɗu da iska ta zama guguwa, mutanen da suka ɓuya ƙarƙashin gidaje suka rasa numfashi. Wajen dubu 37 suka halaka, kusan miliyan ɗaya suka gudu. A Fabrairu na 1945 aka kai wa birnin Diresdan hari, mutane kusan dubu 25 suka mutu. Gawawwaki sun yi yawa har sai da aka tara 6.865 a filin tsohuwar kasuwar birnin aka ƙone su, don gudun annoba. Wurin ciniki ya koma wurin ƙona gawa.

Shin biyan buƙata ta samu? Ƙera makamai a Jamus bai daina ƙaruwa ba sai tsakiyar 1944, kuma talakawa ba su tayar wa Hitila ba. Abin da ya fi durƙusar da shi shi ne harin matatun mai da hanyoyin jirgin ƙasa.

A 1977 aka ƙara wa yarjejeniyar Janeba dokar da ta haramta ɗaukar gari sukutum a matsayin wurin hari ɗaya. Duk lokacin da muka ji a rediyo ana ruwan wuta kan wani birni, mu tuna akwai mai koko da mai tebur a ciki. Allah Ya kiyashe mu.